Sulhu Ma Sai An Yi Masa Digiri?

Mu a unguwarmu babu sana'ar da ba mu iya ba. Idan yaro ya kwana da zazzaɓi likitoci ne mu, idan rabon gado ya rikice alƙalai ne mu, ranar da Kano Pillars ta sha kashi kuwa kowa a bencin mai shayi ya fi koci sanin ɗan wasan da ya kamata a sallama. Amma inda muka fi ƙwarewa, inda ko gardama ba ma yarda a yi da mu, shi ne gyaran rayuwar mutane. Matar wane ta yi yaji, mun san dalili tun kafin ta sauka daga adaidaita sahu a ƙofar gidan ubanta. Ɗan wane ya fara shaye-shaye, mun san wanda ya koya masa, mun san laifin uwarsa ne, mun kuma san maganin abin, illa dai ba a tambaye mu ba. Ko kwabo ba ma karɓa a kan wannan hidima, hutu ma ba ma zuwa.

Ana nan sai labari ya iso majalisa cewa babbar 'yar ladanin masallacinmu, wadda muke kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, za ta koma jami'a ta yi digiri na biyu a fannin aikin kula da walwalar jama'a. Matar aure, da 'ya'yanta uku. Mai shayi ya dakata da tsiyaya madara ya ce, "Wato me za a koya mata?" Wani yaro da bai daɗe da dawowa daga bautar ƙasa ba ya shiga lissafi: sulhun ma'aurata, kula da marayu, masu taɓin hankali, 'yan ƙwaya, yaran da suka yi laifi, marasa lafiyar da aka kwantar a asibiti babu mai jinya. Wani dattijo dillalin filaye ya ajiye kofinsa ya ce, "To ai wannan shi ne aikin da Mai unguwa yake yi tun muna yara, kuma ko firamare bai ƙare ba. Yanzu sulhu ma sai an yi masa digiri? Ta zo ta zauna a nan wata guda, mu ba ta takardar kyauta."

Aka yi dariya. Amma kamar yadda muka saba, abin da muka raina da safe shi muke shugabanta da yamma. Kafin mako ya zagayo, neman gurbin karatun Malama ya zama aikin unguwa.

Da farko dai sai da aka yi musu a kan inda ake koyar da abin. Yaron nan na bautar ƙasa ya ce Jami'ar Nsukka na koyar da shi tun shekarun 1970, akwai shi a Ibadan da Benin, a nan Kano ma Jami'ar Bayero na bayar da digiri na biyu a fannin ƙarƙashin sashen nazarin zamantakewar ɗan Adam. Wadda Malama ta nema ba zan faɗa ba, don kada a ce an biya ni kuɗin talla. Sharuɗɗan dai kusan iri ɗaya ne ko'ina. Ana son kiredit biyar na sakandare, da Turanci da lissafi a ciki. Ana son digirin farko da bai gaza daraja ta biyu ba. Wanda ya fita da daraja ta uku, ko mai babbar difiloma ta kwalejin fasaha, galibi sai ya fara yin difilomar gaba da digiri kafin a dube shi. Sai takardar kammala bautar ƙasa, ko ta yafewa ga wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama digirin farko. Da aka zo kan lissafi dillali ya ce, "Ina ruwan raba faɗan miji da mata da lissafi?" Mai shayi ya ce, "Alhaji, ai rabin faɗan a kan kuɗin cefane ake yin sa."

Fom kuwa yanzu ba a taga ake sayen sa ba, a intanet yake. Sai a tafi kafe wajen yaron nan mai kwamfuta, ya ciro lambar biyan kuɗi ta Remita, a biya, a dawo, ya ce shafin ya ƙi buɗewa, a dawo gobe, gobe kuma babu wuta. Hoton fasfo ya yi nauyi, a rage shi. An rage shi, yanzu kuma fuskar ba ta fita. Duk wannan ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da takardar nan da ke ɗauke da sakamakon kowace jarrabawa tun daga ajin farko, wadda 'yan boko ke kira tiranskirif. Ba a ba mutum ita a hannu, tsohuwar makarantarsa ce za ta aika wa sabuwar. Malama ta biya kuɗinta tun da damina, aka yi kaka, aka shiga hunturu, takarda ba ta motsa ba. A nan ne baiwarmu ta gaskiya ta bayyana, don a unguwarmu babu wanda bai san wani da ya san wani ba. Tela ya ce surukin ƙaninsa masinja ne a can. Mai kemis ya ce ya taɓa yi wa wani babban ma'aikacin wurin allura. Kowa ya karɓi sunanta a rubuce ya cusa a aljihun gaba, aka wanke rigar da shi. Ƙarshe dai mijinta ne ya ɗauki ranar aiki guda ya je ya zauna a ƙofar ofis har aka gaji da ganin sa. Da takardar ta tafi, mutum biyar ne suka zo karɓar godiya.

Sai maganar masu ba da shaida. Jami'a na son mutum biyu ko uku su rubuta cewa sun san mai nema kuma za ta iya karatun. Mai unguwa da ya ji haka ya sa aka ɗauko masa hatiminsa, ya ce shi ya halarci sunanta, wa ya fi shi sanin ta? Da ƙyar Malama ta fahimtar da shi. Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, malaman da suka koyar da ni a jami'a ake so, su faɗi yadda ƙwaƙwalwata take." Ya ce, "To ni ban san ƙwaƙwalwar taki ba ne? Ba ke ce kika sauke tun kina 'yar shekara goma sha biyu ba?" Har yau yana ganin an yi masa rashin kunya, ba ita ba, jami'ar.

An kuma ce ta rubuta ɗan bayani a kan dalilin da ya sa take son wannan karatu. Shawarar majalisa guda ce: ta rubuta cewa ita mai tausayi ce tun tana yarinya. Ta aiko mana da amsa ta bakin ƙaninta cewa duk wanda ya sayi fom ɗin nan mai tausayi ne tun yana yaro, malaman sun gaji da karantawa. Abin da ta rubuta shi ne labarin yaran ajinta da suke ɓacewa daga rajista a tsakiyar zango, a ja layi a kan sunansu, babu wanda aikinsa ne ya bi sawu ya ga ko talla ce, ko ciwo, ko mutuwar aure. Ta ce so take ta zama mai bin sawun. Ni dai a ganina wannan ne ya shigar da ita, ba surukin ƙanin tela ba.

Ranar da sunanta ya fito a jerin waɗanda aka ɗauka, ranar muka fara kiran ta Dakta. Ta yi ta bayani cewa wannan digirgir ne, digirin digirgir yana gaba, amma mu ba ma jiran jami'a idan za mu yi naɗi. Kuɗin rajista ya fito daga adashen matan layi, uwar adashe ta juya mata ɗauka ta kawo ta gaba. Mijin kuma ya samu nasa rabon. Duk ranar Asabar da aka gan shi da ƙaramin a kafaɗa yana sayen ƙosai, sai a ce, "Sannu da jinya, mijin Dakta." Mutumin kirki ne, murmushi kawai yake yi. Na lura dai masu tsokanar nan babu wanda matarsa ke kawo albashi gida.

Karatun na ma'aikata ne, ana yin lakca ranakun ƙarshen mako. Abin da ake koya musu muna jin sa gutsure-gutsure, daga bakin ladan, wanda shi ma daga bayan ƙofa yake tsinta. An ce akwai darasin yadda ake aiki da mutum ɗaya, akwai na aiki da rukuni, akwai na aiki da gari gaba ɗaya. Akwai halayyar ɗan Adam tun daga goyo har tsufa, akwai dokoki, akwai hanyoyin bincike, akwai ƙididdiga, wadda aka ce ita ce ke sa manyan ma'aikata masu furfura zufa a cikin hunturu. An ce sun karanta tarihin wata Ba'amurkiya, Jane Addams, da ta buɗe gida a unguwar talakawa da baƙin haure a birnin Chikago a 1889, ta zauna a cikinsu tana hidima har ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1931. Da kuma wata Mary Richmond da ta fitar da littafi a 1917 a kan yadda ake bincikar matsalar iyali kafin a ce za a magance ta. Liman da ya ji ya ce, madalla da su, amma zakka da waƙafi da riƙon maraya sun girme su da shekara fiye da dubu, gayya ma ba daga Chikago aka kawo mana ita ba. Malama ta ce gaskiya ne, Malam, kuma malamansu ma haka suke faɗa a aji. Ta ce tambayar da ake yi musu ita ce, bayan an ba maraya buhun gero da azumi, wa ya koma a watan Shawwal ya ga ko shi ya ci?

Tambaya guda ce dai ba ma yi mata, wato yaushe za ta gama. Mun yi hankali. Mun ga yajin aikin malaman jami'a na 2020 da ya kai wata tara, mun ga na 2022 da aka fara a Fabrairu aka janye a Oktoba. Wanda ya shiga jami'ar gwamnati, ranar shigarsa kawai ya sani.

Rigimarmu da ita ta fara ne da aka tura su aikin fili. Wannan karatu ba a gama shi a aji. Dole ɗalibi ya yi watanni a wata ma'aikata yana aiki ƙarƙashin wanda ya daɗe a sana'ar, yana rubuta abin da ya yi kullum a littafi, wancan ya sa hannu, malamin jami'a ma ya zo ya duba. A Kano wuraren ba su da wuyar samu: akwai asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, akwai gidan marayu na Nassarawa, akwai gidan ajiye yara masu laifi na Goron Dutse, akwai ofisoshin walwala na manyan asibitoci da na ƙananan hukumomi. Ita ofishin walwala na wani babban asibiti aka tura ta. A can ne ake kawo musu wanda aka tsinta a titi ba a san danginsa ba, da wanda aka rubuta wa aiki ba shi da kuɗi, da jaririn da aka gudu aka bari, da tsohon da aka sallama 'ya'yansa suka kashe waya. Aikinsu su zauna da mutum, su tantance halin da yake ciki, su nemo dangi, su rubuta wa hukumar asibiti ko masu taimako, su tabbata inda za a mai da shi akwai mai kula da shi.

To wata rana sai aka hangi wata matar layinmu tana fitowa daga wannan ofis. Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Da magariba gwaggon Malama ta shirya ta tafi gidanta da kwanon ɗanwake, wai ziyara. Aka gaisa, aka tambayi yara, aka zagaya, sannan ta sassauta murya ta ce, "Ni kuwa 'yar nan, me ya kai wance wajenku?" Malama ta ce, "Gwaggo, ku yi haƙuri, ko ta zo ko ba ta zo ba, ba zan iya faɗa ba." Gwaggo ta ce, "Ni? Ni da na yi miki wankan jego?" Ta ce, "Ko Inna ce ta tambaya, amsar ke nan." Gwaggo ta ɗauki mayafinta, kwanon ma sai aiko yaro ta yi. Washegari hukunci ya fito daga ɓangaren mata: boko ya ɓata 'yar ladan, ta zama mai girman kai.

Ni kuwa a nan na fara ganin inda kuɗin adashen ya tafi. Wani malamin jami'a a Amurka, Felix Biestek, ya jera ƙa'idoji bakwai na wannan aiki a 1957, ana koyar da su har gobe. A cikinsu akwai riƙe sirri, akwai barin yanke wa mutum hukunci, akwai barin mutum ya zaɓa wa kansa abin da zai yi da rayuwarsa. Duk ukun nan, mu faɗi tsakani da Allah, majalisarmu ba ta taɓa cin jarrabawarsu ba. Sirri a wajenmu shi ne abin da ake faɗa wa mutum ɗaya-ɗaya, kowa a ce masa kada ya faɗa wa kowa. Su kuwa an koya musu ba a buɗe maganar mutum sai da izininsa, in ban da inda rai ke cikin haɗari ko ana cutar da yaro, kuma ko a nan hukumar da ta dace ake kai wa, ba mai ɗanwake ba.

Haka sulhu. Namu mun san shi. A tara dattawa a zaure, miji ya yi bayani na rabin awa, matar tana bayan labule tana kuka, a ce ta yi haƙuri, zaman aure ɗan haƙuri ne, a yi fatiha, a ci goro, a watse. Babu mai komawa. Idan bayan wata biyu ta sake tafiya, sai mu ce dama mun san halinta. Malama ta ce su sai sun ji kowa shi kaɗai tukuna. Sai sun tambaya ko akwai duka, ko akwai yunwa, ko akwai ciwon da ake ɓoyewa. Sai sun tambayi matar ita me take so, tambayar da ban taɓa jin an yi a zauren kowa ba. Sai a rubuta abin da aka amince, a sa rana a dawo a duba. Ban ce dattawanmu ba sa gyara aure ba. Sun gyara da yawa, kuma akwai ƙofar da Mai unguwa zai ƙwanƙwasa a buɗe, mai digiri goma ya kwana a waje. Ita ma ta san haka, shi ya sa duk inda za ta shiga sai ta bi ta hannunsa. Amma Mai unguwa ba shi da fayil, kuma ranar da ya rasu, duk abin da ya sani ya bi shi.

Akwai kuma abin da ba ma son a tuna mana. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da sama da mutum 300, yara da manya, wasu da mari a ƙafa. Bayan nan aka rufe ire-irensa a wasu garuruwan Arewa. Muka yi ta salati a gaban rediyo. Amma waɗannan mutane ba sato su aka yi ba, akasarinsu iyaye da 'yan'uwa ne suka kai su da hannunsu, har da biyan kuɗi, bisa shawarar majalisa irin tamu. Ba mugunta ba ce ta sa, rashin sanin inda za a nufa ne. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya. Wannan adadi ya fi ƙarfin bulala da rubutun sha. Dokoki ma sun canza muna zaune a benci. Akwai dokar 'yancin yara ta 2003, Kano ta yi tata ta kare yara a 2023. Akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya da aka sa wa hannu a farkon 2019. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Duk waɗannan Malama sai ta zauna jarrabawa a kansu. Mu kuwa ko sunayensu sai da na roƙi ƙaninta ya rubuto mini.

Kada mai karatu ya zaci fushin unguwa ya daɗe. Da aka tabbata bakinta ba ya yoyo, sai gidanta ya koma ofis. Masu cewa tana da girman kai su ne ke sallama bayan isha'i, ɗaya na fita ɗaya na shiga, kowacce na rufe fuska kada ɗayar ta gane ta. Gwaggo ma an gan ta, ba kwano. Maza kuwa ta hannun mijin suke bi: "Don Allah ka tambayar mini Dakta, wani abokina ne ɗansa ba ya barci." Mun san abokin. Shi ne dai mai maganar.

Yanzu ta kai matakin rubuta kundin bincike, kuma a nan ma mun ba da gudummawa. Ta raba takardun tambayoyi a wata unguwa can nesa, ba a tamu ba. Da aka tambaye ta dalili ta ce ba a son mutum ya yi bincike a kan waɗanda ya san cikinsu. Wannan dalilin jami'a ke nan. Na gaskiyar shi ne ta san mu. Mu da zarar mun ga mutum da takarda da biro yana tambayar yawan iyali, mun ɗauka rabon tallafi ne. Mai 'ya'ya huɗu zai ce tara, mai shago biyu zai ce rabonsa da aiki tun kafin korona. Ashe can ma haka ta tarar, har wata tsohuwa ta riƙe mata hijabi sai ta rubuta lambar asusunta.

Saura tambayar da dillali ya fi so: "To in ta gama, ina kuɗin yake?" Gaskiya ba sana'ar gina bene ba ce. Wuraren aiki dai akwai: asibitoci, ma'aikatar mata, gidajen gyaran hali, hukumar NDLEA, hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, da ƙungiyoyin agaji da ke aiki da 'yan gudun hijira a Borno da Yobe da Adamawa, waɗanda su ne suka fi biya amma aikinsu na kwantiragi ne. A ƙarshen 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta riƙa yi wa masu wannan sana'a rajista da sa ido a kansu, abin da ƙungiyarsu ta ƙasa ta daɗe tana nema. Dillali ya ce shi bai ga bene a cikin wannan bayani ba. Aka ce masa shi ma filayen da yake sayarwa ba nasa ba ne.

Duk mai niyyar sayen fom bana, namiji ko mace, ya fara bin tiranskirif ɗinsa tun yau, ya nemi lambar tsofaffin malamansa kafin su yi ritaya, ya kuma tambayi wurin aikinsa ko za a sake shi lokacin aikin fili, don wannan ba a yin sa ranar Asabar kaɗai. Mu kuma 'yan unguwa, maza da mata, Malama na da jarrabawar kare kundi a gabanta. Don Allah mai matsala ya zo kafin magariba, a bar mata dare ta yi karatu.